Romon Mai Jego a Motar Mbagala

Gwamaka ya samu ya cusa ƙafa ɗaya cikin daladala, ƙaramar bas ɗin haya, ɗayar tana lilo a waje, ya ɗaga shuɗiyar leda sama da kansa kamar mai tsallaka kogi. Kwandasta ya sa gwiwa ya tura shi ciki, bakinsa bai daina kiran fasinja ba.

"A matsa, akwai wuri a baya. Baba mai hula, tsuke cikin nan naka, kuɗin mutum ɗaya ka biya."

Babu wani wuri a baya. Mu mutanen Mbagala mun san haka, shi ma kwandastan ya sani, bakinsa ne kawai ya saba. Gwamaka ya tsinci kansa a tsaye tsakanin hammatar wani dogo da buhun wata mata, yana ta kare ledarsa da ƙirji.

"Kawo kayanka, ɗana."

Wata dattijuwa ce a kujerar jikin taga, ta ɗaura zane a kan riga, da tabarau a karan hanci. Ta riga ta miƙo hannu. A motocinmu haka ake yi, wanda Allah ya ba kujera shi ke riƙe wa na tsaye kaya, ko jaka ce ko kaza ko jariri, ba a tambayar suna, ba a kuma doguwar godiya. Gwamaka ya ɗan yi jim kafin ya miƙa.

"A tsaye za ki riƙe, Mama. Filas ne."

"Yau na fara ganin filas?" Ta ajiye ledar a cinya kusa da tata.

Abin da ke cikin filas ɗin nan ya fi ƙarfin romo. Shekaranjiya matarsa Haika ta haifi 'yarsu ta fari a babban asibiti, sai da aka yi mata aiki. Jiya kuma uwarta ta iso daga Moshi da ƙaramar jaka da babbar magana. A wurinsu mai jego wata uku take yi a ɗaki, ba ta taɓa ko tsintsiya, ana ɗura mata mtori, romon ɗanyar ayaba da nama, har sai ta fito kumatu suna sheƙi. Uwar miji ce ke wannan hidima, ga shi uwar Gwamaka ta daɗe da rasuwa. Don haka surukar ta yanke hukunci, da zarar an sallame su za ta wuce da Haika da jaririya Moshi.

"Garin nan naku da ko ruwa sai an saya? A nan zan bar 'yata ta bushe?"

Wata uku. Gwamaka yana aiki ne a shagon kayan gini, inda ba a san wani abu hutu ba. In suka tafi, sai dai ya ga 'yarsa a waya, ta fara murmushi ga wasu, ta dawo tana kallonsa kamar mai karɓar kuɗin shara. Ya riga ya sa an ƙera ɗan gado, ya rataya gidan sauro mai ruwan hoda. Tsoro ne ya kama shi sosai, sai Haika ce ta yi karambani daga kwance.

"Mama, ai ya iya girki."

"Ya iya? To gobe da rana ya kawo mtori na hannunsa. In na kai bakina na ji na mai jego ne, na bar ku. In ba haka ba, kada wanda ya ƙara min magana."

Gaskiyar magana, iyakar girkin Gwamaka shayi ne da ƙwai. Da sassafe ya je wurin mahauci, aka faɗa masa kuɗin nama, ya yi dariya, ya ga mahaucin bai taya shi ba, sai ya ce a ba shi ƙashi. Ayabar da ake yin mtori da ita ta yi tsada, ya sayi wata da ta fi araha, a ransa yana cewa ayaba ai ayaba ce. Ya jingina waya a jikin turmi yana kallon wata mata tana koyarwa, daidai inda ta ce "yanzu ga sirrin abin," data ta ƙare. Gawayi ma bai jira an gama ba. Abin da ya samu dai ya juye a filas ɗin Haika, ja mai murfin da ya tsage aka naɗe da baƙin salatif, ya yi addu'a a kai.

Yanzu saura ya kai shi kafin masu gadi su rufe ƙofar ziyarar rana, don in suka rufe ko kuka kake da jini sai yamma. Surukarsa kuwa cewa ta yi da rana.

Motar ta yi gudu mai daɗi har mutane suka fara zargin wani abu. Ba a jima ba kuwa ta rage, ta ja jiki, ta tsaya. Gaba motoci ne iya ganin ido, rana tana dukan rufinsu. Direba ya leƙa ta taga, ya yi magana da wani mai tallan ruwa, sannan ya kashe inji. Motar gaba ɗaya ta yi ajiyar zuciya, don duk wanda ya san hanyar nan ya san direba ba ya kashe inji a kan ƙaramin abu.

"Tirelar siminti ce ta mutu a mahaɗa," in ji kwandasta. "Kowa ya gyara tsayuwa."

"Siminti kuma," in ji Baba mai hula, wanda aka ce ya tsuke ciki. "Kullum siminti. Wai su wa ke ta ginin nan ne? Ni dai duk wanda na sani haya yake."

"Masu ƙara mana hayar mana," wata budurwa mai kitson roba ta amsa ba tare da ta ɗago daga waya ba. "Mai gidanmu ya ƙara kuɗi wai an zuba kwalta. Na ce ina kwaltar? Ya ce in hau kan tankin ruwa zan hango ta."

Aka yi dariya. Dogon da Gwamaka ke ƙarƙashin hammatarsa ya ce shi jiya ya tambayi kuɗin tumatir, da aka faɗa masa sai ya ce a'a, ba gonar yake son saye ba.

"Kai har tumatir kake tambaya?" in ji wata mata daga baya. "Mu a gidanmu mun yafe shi. In yara suka tambaya sai mu ce likita ya hana."

"Lokacin da na zo Mbagala," in ji Baba mai hula, "duk nan itatuwan yazawa ne, birai na tsallaka hanya. Kafin shayinka ya huce ka isa kasuwar Kariakoo. Yanzu in fito da sabon aski, kafin in kai ofis har an fara ce min in je in rage suma."

"Baba, da ka sayi fili a lokacin ai da yanzu kai ke ƙara mana haya."

"An yi min tayi, 'yata. Na ce wa zai zauna da birai? Ga shi yanzu ina biyan haya a inda birin yake kwana."

Direba ya buɗe ƙofarsa ya sauka, ya tsallaka wurin mai gasa rogo, ya zauna a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Masu talla suka yanyame tagogi da ruwa da gyaɗa da tsintsiya da cajar waya da labule. Kowa yana ta ɓarkwanci ban da Gwamaka, wanda ke zaro waya yana duba lokaci yana mayarwa, gumi na bin ƙeyarsa.

Dattijuwar ta dube shi ta saman tabarau. "Asibiti?"

"Eh, Mama. Matata ce ta haihu."

"Barka. Ni ma can za ni, maigidana ne ɗan acaɓa ya karya wa ƙafa. Mama Shirima ake ce min. Me ka kawo wa mai jegon?"

"Mtori." Ya faɗa da ɗan alfahari. "Ni na dafa."

"Kai? Wannan harshen naka ba na wajenmu Moshi ba ne. Da wace ayaba?"

Ya faɗa mata.

"Nama fa?"

"Ƙashi ne, amma akwai ɗan nama a jiki."

"Man shanu?"

"Ana sa man shanu?"

Mama Shirima ta gyara tabarau, ta kalli waje. Can ta ce, "Allah ya ba mai jego lafiya."

Wannan addu'ar ta ƙara tsinka masa zuciya. Ya sake duba waya, ya ga in ya ci gaba da tsayuwa a nan, romon mai kyau ne ko marar kyau, ba wanda zai ɗanɗana shi. 'Yan acaɓa suna ta sulalewa ta tsakanin motoci suna yi wa mutane fito. Kuɗinsu a irin wannan rana ya kai na cefanen kwana biyu, amma ya rufe ido.

"Kwanda, zan sauka."

"Sauka lafiya, amma kuɗinka cikakke. Ba ni na kashe tirela ba."

"Ko rabin hanya ba mu yi ba."

"Inuwar da ka sha fa? Da hirar?"

Ya biya, ya murza ya fita da ƙyar, maɓallin rigarsa ɗaya ya zauna a motar. Ya tare ɗan acaɓa, har ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya ji hannunsa wayam. Ya zagaya da gudu wurin taga.

"Mama, ledata."

"Ɗana, da ka yi haƙuri. Hanyar nan jira take wani ya sauka ta buɗe." Ta miƙo masa shuɗiyar leda ta taga. "Ka ce wa ɗan acaɓan ya bi a hankali, gadon da ke kusa da na maigidana babu kowa."

Ɗan acaɓan bai san hankali ba. Ya bi ta gefen kwata, ya kutsa ta cikin masu sayar da gwanjo, ya ratsa wani lungu inda mata ke wanki suka bi su da zagi. Gwamaka ya rungume leda ya runtse ido yana kiran sunan Allah. Da suka tsaya a ƙofar asibiti ya sauka, yana cikin biyan kuɗi sai ya ji wata murya da ya sani daga nesa tana cewa akwai wuri a baya. Ya waiga. Daladalar da ya bari ce ke tahowa a hankali, Baba mai hula har ya samu kujera yana ɗago masa hannu.

Bai tsaya jin haushi ba, don mai gadi ya riga ya jawo ɓari ɗaya na ƙofa. Ya ruga.

A ɗakin masu jego ya tarar da Haika a jingine da filo, jaririya na barci a gefenta, surukarsa kuma a kan kujera ta harɗe hannu kamar alƙali. Ya rusuna ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, idonta a kan leda.

"Ka makara. Kawo."

Ta zaro jan filas, ta murɗe murfi. Ƙamshi ya tashi ya cika ɗakin, har matar gadon gefe ta juyo. Gwamaka ya yi mamaki, don da safe ba haka abin ke wari ba, ya ce a ransa wataƙila jijjigar babur ce ta gyara shi. Sai da ta fara zubawa a kwano ya gane. Romo ne mai kauri, sumul, man shanu na yawo a samansa, ga tsokar nama ta dahu har tana rabuwa. Nasa ruwa-ruwa ne mai launin toka. Ya dubi murfin da ke hannunta, lafiyayye, babu tsaga babu salatif.

Ya dubi Haika, ya ga ita ma murfin take kallo. Ta ɗago ido ta zuba masa.

Surukar ta kai cokali baki. Ta ƙara na biyu, ta juya shi a harshe, ta ƙara na uku, wanda wannan kam ba na alƙalanci ba ne.

"Wa ya koya maka?"

Gwamaka ba maƙaryaci ba ne, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. "Mama, a gaskiya, a cikin mota..."

"Ba na gaya miki ba, Mama?" Haika ta katse shi. "Miƙo min, yunwa nake ji. Baban yarinya, zo ka ga 'yarka mana, ka tsaya kamar baƙo."

Ya zagaya ya ɗauki jaririyar. Ba ta da nauyin komai, ta motsa baki, ta kama ɗan yatsansa ta riƙe. Maganar da ya ɗauko ta koma ciki ta zauna.

Surukar ta zauna tana kallon 'yarta tana shan romo har ta ga ƙasan kwano. Sannan ta saki hannayenta, ta yi ajiyar zuciya.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ta ce, don kada a ce ba ta ce komai ba. "Amma na mai jego ne. Na faɗa, ba zan canja ba, ku zauna. Ni dama shanuna suna hannun maƙwabta, kuma garinku ya ishe ni. Jiya na sayi ayaba a ƙofar nan, ayabar da muke ba awaki, na ji kamar in kira 'yan sanda." Ta nuna shi da cokali. "Ƙarshen wata zan dawo. In na ga ƙashin wuyanta, a ranar za mu hau mota."

Da ta fita wanke kwano, Haika ta jawo hannun rigarsa.

"Ina filas ɗina?"

"Yana wurin wata tsohuwa."

"Naka romon fa, yaya yake?"

Ya sosa ƙeya.

"Na gane." Ta fara dariya, ɗinkin ya ja ta, ta dafe ciki tana cije leɓe. "Wayyo, kada ka sa ni dariya. Saurara, na rufa maka asiri don ina son zama a ɗakina. Amma ni ce zan sha abin nan wata uku, ni da 'yarka. Je ka nemo filas ɗina, ka nemo mai wannan hannun."

Aka kaɗa ƙararrawar fita. Gwamaka ya sauko yana murna yana kuma jin kunya, don sai yanzu ya tuna cewa akwai wani bawan Allah mai karyayyar ƙafa da aka buɗe wa nasa filas ɗin. Bai sha wahalar nema ba. Mama Shirima tana zaune a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, jan filas mai baƙin salatif a tsaye a gabanta kamar wanda aka kama da sata.

Ya rusuna har ƙasa. "Mama, ki yafe ni."

"Ni na miƙa maka, laifin idona ne. Duk garin nan filas ɗaya muke saye a Kariakoo, leda ɗaya." Ta ƙwanƙwasa murfin da farce. "Amma ɗana, tsakaninka da Allah, mene ne wannan? Saniyar ta dai wuce ta kusa da tukunyar ne ko?"

"Nama ya yi tsada, Mama."

"Ni a kyauta ake ba ni? Ba yawan nama ba ne, sanin inda za ka ce mahauci ya yanka ne."

"Maigidan naki ya sha?"

Sai fuskarta ta saki. Ta cire tabarau tana goge ido da bakin zane.

"Ya sha. Mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa cin girkina ya yi shiru ba, yau gishiri, gobe mai. Ya kurɓi naka sau ɗaya, ya ajiye cokali, ya dube ni ya ce, 'Mama Shirima, me na yi miki?' Ban ce komai ba. Sai ga shi yana ba ni haƙuri, har da abubuwan da ban san ya yi ba. Gobe ma da za ka dafa masa, akwai sauran bayani."

Gwamaka ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kwashe labarinsa duka ya faɗa mata, da surukar, da wata ukun, da ƙarshen wata. Ta saurara tana girgiza kai.

"Wato da romona ka ci jarrabawa."

"Ki koya min, Mama. Don Allah."

"Yaushe? Da safe ina kasuwa, da rana ina nan, da yamma jikoki. Wa ke da lokacin koya wa wani abu a garin nan? Mota ta cinye mana shi duka." Ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Zo mu tafi kafin 'yan ofis su taso."

Ba su tsira ba, 'yan ofis sun riga su. Gwamaka ya yi kokawa a ƙofar daladala kamar ba shi ne mai ladabin ɗazu ba, ya kama kujerar taga, ya tsare ta da jikinsa har Mama Shirima ta shigo ta zauna. Ya tsaya a kanta, ta karɓi ledojin biyu, wannan karon ta ɗaure bakin tasa da ƙulli biyu.

Motar ta yi 'yar tafiya, ta ja jiki, ta tsaya. An janye tirelar siminti, amma wata mai ɗauke da rodi ta gaje ta. Direba ya leƙa, ya yi tsaki, ya kashe inji. Fasinjoji suka ɗauki salati da ƙorafi, wani a baya ya fara ba da labarin kuɗin gawayi.

Mama Shirima ta dubi layin motocin da ya miƙe har inda ido ya gaza, ta dubi Gwamaka, ta gyara zama.

"To, sunkuyo. Da farko dai ayaba. Ba kowace ayaba ce ayaba ba."

Gwamaka ya sunkuyo ya kasa kunne. Can gaba wata mota ta yi ƙaho, layin ya ɗan motsa, gabansa ya faɗi. Sai ya hango direbansu ya tsallaka titi ya zauna a bencin mai rogo, hankalinsa ya kwanta.